Titiwangsa: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Yanka Sabuwar Mazaɓa

A babban zaɓen da aka yi a Malesiya a farkon watan Agustan 1986, wasu mazauna birnin Kuala Lumpur sun fita jefa ƙuri'a a unguwannin da suka saba, amma kujerar da suka zaɓa wa wakili sabuwa ce ful. Shekara biyu kafin nan hukumar zaɓen ƙasar ta sake shata iyakokin mazaɓu, kujerun birnin a majalisar wakilai ta tarayya suka tashi daga biyar zuwa bakwai. Tsohuwar mazaɓar Setapak ta ɓace daga taswira, sababbin sunaye suka bayyana, cikinsu har da Titiwangsa. Babu wanda ya tashi daga gidansa. Layi kawai aka ja a takarda, sai ga maƙwabcin jiya ya koma wata mazaɓar, baƙon jiya kuma ya zama abokin ƙuri'a.

Kafin a fahimci zaɓen sai an san su wa layin ya kewaye. Zuciyar Titiwangsa ita ce Kampung Baru, unguwar da Turawan Ingila suka keɓe wa Malayawa wajajen 1900 domin su zauna su yi noma a gefen birni. Yau birnin ya haɗiye ta ta ko'ina, amma har yanzu akwai gidajen katako a kan dirkoki, da itatuwan ayaba da na kwakwa a tsakar gida, da masu sayar da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa a bakin titi. Da azumi mutane kan yi layi a babban masallacin unguwar suna karɓar faten shinkafar buɗa-baki da ake rabawa kyauta. Kana ɗaga kai sai ka ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 a tsallaken kogi, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Sauran manyan unguwannin mazaɓar, irin su Datuk Keramat da Kampung Pandan, su ma Malayawa ne suka fi yawa a cikinsu. To a birnin da Sinawa suke da yawa, kuma suka daɗe suna bin jam'iyyar adawa ta DAP, an samu kujera ɗaya da Malayawa Musulmi suka yi wa rinjaye sosai. A wancan zamani kuwa ƙuri'ar Bamalaye ta jam'iyyar UMNO ce, uwar ƙawancen Barisan Nasional mai mulki.

Sakamakon bai ba kowa mamaki ba. Suleiman Mohamed na UMNO ya lashe kujerar, ya kuma riƙe ta har 2004. A daren da ya ci, DAP ta kwashe huɗu daga cikin kujeru bakwai na birnin, amma a ƙasa baki ɗaya Barisan Nasional ta tashi da 148 cikin 177.

Wannan ba shi ne karon farko da aka ja layi a kan mutanen wannan yanki ba, kuma wanda ya gabace shi ya fi girma. Da can Kuala Lumpur a cikin jihar Selangor take. A zaɓen 1969 'yan adawa suka yi ƙarfi a birnin, har jam'iyyun gwamnati suka tsaya a kujera 14 cikin 28 na majalisar jihar. Ranar 13 ga Mayu rikicin ƙabilanci ya ɓarke, daga nan Kampung Baru ya faro, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 196 suka mutu. Ranar 1 ga Fabrairun 1974 aka cire birnin daga Selangor aka mai da shi yankin tarayya. Dalilin da aka bayar shi ne babban birnin ƙasa ya dace ya kasance a hannun gwamnatin tarayya, kuma dalili ne mai kama hankali. Sai dai duk wanda ya iya lissafi ya ga ribar da ta biyo baya: dubban ƙuri'un adawa sun fita daga majalisar Selangor a rana ɗaya. Tun daga lokacin mazaunin Kuala Lumpur ba shi da ɗan majalisar jiha. Magajin garin ma naɗa shi ake yi, an kuma dakatar da zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasar tun 1965, ba a kuma dawo da shi ba. Ƙuri'a ɗaya tak ke hannun mutumin Titiwangsa, ta ɗan majalisar tarayya, don haka kukan kwata da na fili da na rumfar kasuwa duk a ƙofar mutum ɗaya ake sauke su. Mutanen Abuja sun san irin wannan zama, amma su aƙalla suna zaɓen shugabannin ƙananan hukumominsu shida.

Yadda ake aikin a dokance ba shi da wuyar ganewa. Kundin tsarin mulkin Malesiya ya ba hukumar zaɓe, wadda suke kira SPR, ikon sake duba iyakoki, da sharaɗin kada tazarar da ke tsakanin dubawa biyu ta gaza shekara takwas. Hukumar takan baje shawararta wata guda jama'a su gani. Masu ikon kai ƙorafin da dole a saurara su ne gwamnatin jiha, ko ƙaramar hukuma, ko masu zaɓe ɗari ko fiye da abin ya shafa. Bayan an saurare su, rahoton yana zuwa hannun firaminista, shi kuma ya kai majalisa, kuma doka ta yarda ya yi masa gyara kafin ya kai. Rabin 'yan majalisa sun isa su amince da sababbin iyakoki. Ƙara yawan kujeru ne yake buƙatar kashi biyu bisa uku, tun da sai an taɓa kundin tsarin mulki. A nan gizo ke saƙar: waɗanda za su tsaya takara a kan taswirar su ne masu sa mata hannu. Kamar a ce magajin da zai fara zaɓar kasonsa shi ne kuma ya riƙe igiyar awon gonar.

Hanyar cuta a wannan aiki biyu ce, kuma mutane kan gauraya su. Ta farko ita ce karkata layi: a tara magoya bayan abokin hamayya a mazaɓa ɗaya su ci ta da ƙuri'un da suka fi ƙarfin buƙata, ko a yayyanka su a watsa cikin mazaɓu da dama inda ba za su yi rinjaye a ko'ina ba. Ita ce aka fi jin labarinta daga Amurka, inda ake sake zana mazaɓun kujeru 435 bayan kowace ƙidaya ta shekara goma, kuma a jihohi da yawa 'yan majalisar jiha ne ke zanawa. Ta biyu ta fi shiru, kuma a ganina ta fi ɓarna: rashin daidaiton yawan mutane. Lokacin da Malaya, wato babban yankin Malesiya ta yau, ta samu 'yanci a 1957, doka ta ce kada yawan masu zaɓen wata mazaɓa ya kauce wa matsakaici da fiye da kashi 15 cikin ɗari. A 1962 aka sassauta, aka ce mazaɓar karkara tana iya zama rabin ta birni. A 1973 aka cire adadin gaba ɗaya. Hujjar ita ce wakilin karkara yana fama da nisa da rashin hanya, kuma wanda ya san dazukan jihar Sarawak ba zai ƙaryata ba. Amma da aka cire linzami, sai ga shi a zaɓen 2022 mazaɓar Bangi a Selangor tana da masu zaɓe sama da 300,000, ita kuwa Igan a Sarawak ba ta kai 30,000 ba. Kowacce tana da ɗan majalisa ɗaya. Ƙuri'ar mutum ɗaya a Igan ta yi nauyin ta mutum goma a Bangi.

Da taswira ce kaɗai ke yanke hukunci, da labarin Titiwangsa ya ƙare a nan. Bayan Suleiman Mohamed, Astaman Abdul Aziz ya ci gaba da riƙe wa UMNO kujerar daga 2004. Sai 2008 guguwa ta taso. Wata likita, Dakta Lo' Lo' Mohd Ghazali ta jam'iyyar Musulunci ta PAS, ta kayar da UMNO a gidanta. Abin da mai zanen 1984 ya dogara da shi, wato Malayawa za su ci gaba da tafiya a inuwa ɗaya, shi ne ya rushe. Da ƙuri'arsu ta rabu biyu, sai 'yan tsirarun Sinawa da Indiyawan mazaɓar suka zama masu raba gardama. Likitar ta rasu a watan Yulin 2011, kuma ba a yi zaɓen cike gurbi ba, domin dokar ƙasar ba ta wajabta shi idan abin da ya rage wa majalisa bai kai shekara biyu ba. Haka mutanen da ƙuri'arsu ɗaya ce tak suka zauna ba zaɓaɓɓen wakili har 2013, lokacin da Johari Abdul Ghani ya dawo wa UMNO da kujerar da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu ɗaya ba.

Darasin da ya fi fitowa fili shi ne na 2018. Ranar 28 ga Maris, ana saura makonni shida zaɓe, gwamnatin firaminista Najib Razak ta tura sababbin iyakoki ta majalisa a yini ɗaya, masu zanga-zangar ƙungiyar Bersih mai neman gyaran zaɓe suna ƙofa. 'Yan adawa suka ce an tattara ƙuri'unsu an cusa a manyan mazaɓu. An kuma sa zaɓen ranar Laraba, ranar aiki. Duk da haka ranar 9 ga Mayu Barisan Nasional ta faɗi, karo na farko tun samun 'yanci. A Kuala Lumpur ba ta tsira da ko kujera ɗaya cikin 11 ba. Johari, wanda a lokacin shi ne ministan kuɗi na biyu, ya sha kaye a Titiwangsa a hannun Rina Harun. Karkataccen layi yana aiki ne muddin mutane ba su sauya ra'ayi da yawa ba, domin mai zanen yakan baza magoya bayansa sirara-sirara don ya ci kujeru masu yawa, kuma idan iska ta juya sai su zube tare.

Ita ma Rina Harun ba ta ƙare zangonta a ɓangaren da aka zaɓe ta ba. A Fabrairun 2020 jam'iyyarta ta Bersatu ta fice daga ƙawancen Pakatan Harapan da ya kayar da Barisan Nasional, gwamnati ta rushe, ta zama minista a sabuwar. A zaɓen 19 ga Nuwamban 2022 ta koma takara a mazaɓar Sepang ta faɗi. A Titiwangsa kuwa aka yi karon battar manyan ƙawance uku, bayan an rage shekarun zaɓe zuwa 18 an kuma mai da rajista ta kai-tsaye. Batun filayen Kampung Baru ya shiga yaƙin neman zaɓe, domin ɗan takarar Pakatan Harapan, Khalid Samad, shi ne ministan yankunan tarayya da ya yi wa masu filaye tayin sayen unguwar a 2019, da dama daga cikinsu suka ce kuɗin ya yi kaɗan. Johari ya sake cin kujerar, kuma ita kaɗai Barisan Nasional ta samu a birnin.

Mu a Najeriya ciwonmu ta wani gefen ya ɓullo. Sashe na 73 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa INEC sake duba mazaɓu, da tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, sannan majalisar dokoki ta ƙasa ta amince. Amma kujeru 360 da muke zaɓe a kansu, 24 na Kano, 16 na Kaduna, 15 na Katsina, 11 na Sakkwato, suna tsaye ne a kan shatar da aka yi a 1996, zamanin Janar Abacha. An yi ƙidaya a 2006 ba a taɓa su ba. Ƙin jan layi shi ma jan layi ne, tun da mutane ba sa zama wuri ɗaya. Wanda ya san Rijiyar Zaki da Bachirawa na ƙaramar hukumar Ungogo a Kano a wancan lokaci ya san gonaki da filaye ne suka fi yawa a kewayensu. Yau gari ne cike maƙil, amma Ungogo har yanzu kujera ɗaya take rabawa da Minjibir. Abuja, da duk jama'ar da ta kwarara cikinta tun da gwamnati ta koma can a 1991, 'yan majalisar wakilai biyu take da su da sanata ɗaya.

Duk ranar da aka ce za a sake shata mazaɓu, a can ko a nan, tambayar farko ita ce mutum nawa ke cikin kowace mazaɓa idan aka gwada ta da maƙwabciyarta, sai kuma wace unguwa aka cire daga ina aka liƙa wa ina. Kuma lokacin yin magana shi ne lokacin da aka baje taswira, domin ranar zaɓe an riga an rufe wannan ƙofa. A Malesiya wa'adin shekara takwas na shatar 2018 yana cika a 2026 ga jihohin da ke babban yankin ƙasar, kuma dokar tana nan yadda take: wata guda na baje taswira, da sa hannun masu zaɓe ɗari.