Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Farautar Ƙwayoyin Sankarar Mama a Cikin Jini

Ko ka san akwai na'urar da za a ba ta jinin da bai wuce cokalin shayi ɗaya da rabi ba, ta tsamo ƙwayoyin sankara guda biyar daga cikin biliyoyin ƙwayoyin jini, ta jera hotunansu a gaban likita? Sunanta CellSearch, kuma da mayen ƙarfe take aikinta.

Sankarar mama, wadda wasu ke kira cutar daji, ba kasafai take kisa ba muddin tana zaune a inda ta tsiro. Yaɗuwarta ce ke cin rai. Ƙwayoyi kan ɓalle daga ƙullutun, su faɗa magudanar jini, su je su yada zango a ƙashi ko hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Yawancinsu ba sa wuce 'yan sa'o'i a raye: wasu gudun jini ya tarwatsa su, wasu garkuwar jiki ta hallaka su. 'Yan kaɗan da ke tsira su ne tushen baƙin ciki.

Tun a 1869 wani likita a Ostareliya, Thomas Ashworth, ya duba jinin wani mutum da sankara ta kashe, ya ga ƙwayoyi masu kama da na ƙullutun da ke jikin mamacin. Gani dai ya gani, amma sai a 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko mai ƙirga su. Jinkirin ba abin mamaki ba ne. Mililita ɗaya na jini na ɗauke da jajayen ƙwayoyi kimanin biliyan 5, da fararen ƙwayoyi miliyoyi, alhali ƙwayar sankara sai a samu ɗaya tak, ko ma babu.

Dabarar ta ta'allaƙa ne kan asali. Sankarar mama galibi daga ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun madara take farawa, kuma irin waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani furotin a bayansu mai suna EpCAM, wanda ƙwayoyin jini ba su da shi. To, sai a ɗebi jini mililita 7.5 daga bututu na musamman da ke adana shi har kwana 4, a zuba masa garin ƙarfe mai laushin da ido ba ya gani. Kowane ɗigon ƙarfen an shafe shi da sinadarin garkuwa wanda EpCAM kaɗai yake cafka. Ƙarfen ya manne wa ƙwayar sankara, na'ura ta kawo mayen ƙarfe ta janye ta gefe, a wanke sauran jinin ya tafi, kamar yadda yara ke jan mayen ƙarfe cikin yashi ya fito da baƙin gari a jikinsa.

Aikin bai ƙare nan ba, domin fararen ƙwayoyin jini kan biyo ayari. Sai a sa rini iri uku masu ƙyalli. Ɗaya yana haska cibiyar ƙwaya, na biyu yana kama furotin da ke cikin ƙwayoyi irin na bututun madara, na uku kuma yana tona asirin fararen ƙwayoyin jini. Wadda ta ɗauki biyun farko ta ƙi na uku ita ake ƙirgawa. Abin da ya fi burge ni shi ne matakin ƙarshe: na'ura hotuna kawai take jerawa, ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan ita ce, wannan ba ita ba ce.

Me ƙirgen ke faɗa? Massimo Cristofanilli, likita a cibiyar MD Anderson da ke Houston, da abokan aikinsa sun bibiyi mata 177 waɗanda cutar ta riga ta yaɗu a jikinsu, suka wallafa sakamakon a 2004. Masu ƙwaya 5 ko fiye kafin fara magani, tsaka-tsakin rayuwarsu ya tsaya a wata 10 da 'yan kwanaki, na masu ƙasa da 5 kuwa ya haura wata 18. Daga nan lambar biyar ta zama mizani.

Sai dai sanin tsananin cuta daban, warkar da ita daban. A wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2014, an ɗauki matan da ƙirgensu ya ƙi sauka bayan mako 3 da fara maganin kemo, aka sauya wa rabinsu magani nan take. Sauyin bai ƙara musu tsawon rai ba. Wannan sakamako mai ciwo ne, kuma ina ganin wajibi ne a faɗe shi duk inda ake yabon na'urar. A Faransa kuwa, binciken da François-Clément Bidard na Cibiyar Curie ya jagoranta ya nuna ƙirgen na iya taimakawa wajen zaɓi tsakanin kemo da maganin da ke toshe sinadaran mata, ba tare da sakamakon ya gaza na zaɓin likita ba.

Kada kuma wata ta ɗauka wannan gwaji ne na gano cutar tun tana ƙarama. A farkon cuta sau da yawa ba a samun ko ƙwaya ɗaya a jinin. Wadda ta ji ƙullutu a mama, hanyarta ita ce asibiti, a yi hoto, a tsakuri naman a gwada. Wannan magana ta fi nauyi a Najeriya, inda sankarar mama ce ta fi kowace sankara kama mata, kuma da yawa sai cuta ta yi nisa suke zuwa.

Na'urar ma tana da inda idonta ba ya kai. Wasu ƙwayoyin kan zubar da EpCAM yayin da suke shirin ƙaura, ƙarfe ya rasa abin kamawa. Shi ya sa wani kamfanin Ingila ya ƙera Parsortix, wadda ta samu amincewa a Amurka a 2022. Ita tacewa take yi: jini ya bi ta wata siririyar kafa, ƙwayoyin sankara su maƙale saboda girma da tauri, a kwashe su da ransu don ƙarin bincike.

A wani aikin da aka wallafa a 2022 kuma, masu bincike a Zurich, ƙarƙashin Nicola Aceto, sun ɗebi jinin mata 30 masu cutar da ƙarfe 4 na asuba da kuma 10 na safe. Fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin da suka samu daga jinin asuba suka fito, kuma gwaji a jikin ɓeraye ya nuna na lokacin barci sun fi saurin kafa sabon ƙullutu. Ke nan mace ɗaya na iya ba da ƙirge biyu mabambanta a rana guda, don haka masu binciken suka ba da shawarar a riƙa rubuta sa'ar da aka ɗebi jini.