Shaidar Mutane: Yadda Ake Tunawa da Mai Fara'a a Madarunfa

Idan mai fara'a ya rasu a Madarunfa, da wuya a gina kabarinsa, da wuya kuma a kafa masa allo mai ɗauke da tarihinsa. Abin da ke riƙe shi a cikin zuri'a shi ne shaidar da mutane suka yi masa, da addu'a, da zumuncin da ya ƙulla idan an samu mai ɗorawa, sai kuma sunansa da za a mayar wa jika.

Garin yana kudu da birnin Maraɗi, a kan hanyar da ta nufi iyakar Nijeriya, kuma ya yi suna da kaburbura. A kewayen tafkinsa akwai kusheyin da al'ada ta ce na waliyyai 99 ne, waɗanda Nijar ta shigar, tare da tafkin da gandun dajin da ke kusa, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a shekarar 2006. Waɗannan an san inda suke, ana kai musu ziyara. Kushewar mutumin gari kuwa, ko da shi ne farin jinin unguwa, tudun ƙasa ce da guntun tukunya ko reshen itace. Bayan damina biyu ko uku, sai wanda ya halarci jana'izar ne zai iya nuna wurin, shi ma da kintace.

Hausawa suna da kalmomi da yawa na siffanta irin wannan mutum. Akwai fara'a, wadda bakin Katsinawan Maraɗi da Gobirawa ke fitarwa da hwara'a. Akwai sakin fuska, da haba-haba da jama'a, da rashin riƙo. Ana cewa wane na mutane ne, ko hannunsa a sake yake. Mace kuwa akan ce tukunyarta ba ta sauka daga murhu, wato kullum da baƙon da ake dafa wa. Karin maganar da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ta nuna inda aka ajiye wannan hali: wanda ba shi da abin bayarwa ma yana iya zama mai karamci. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma, daga gaskiya da amana da haƙuri har zuwa kunya da adalci. Fara'a ba ta cikin goman, amma wanda ya saba zama a gidan rasuwa ya san ita ce ke fara fitowa daga bakin masu ta'aziyya, tun kafin a zo kan sauran. Emmanuel Grégoire, wanda ya rubuta littafi kan alhazan Maraɗi a 1986, ya lura cewa attajiran garin ba su ɗauki kuɗi kaɗai a matsayin dukiya ba, sai an haɗa da arzikin mutane. A ranar mutuwa ake ƙidaya wannan arziki.

Ba a jinkirta gawa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi da kabbara huɗu, an kai shi makwancinsa a kan gefen dama yana fuskantar alƙibla. Saurin nan ne ke sa taron jana'iza ya zama ma'auni na gaskiya, domin babu lokacin gayyata. Masunci ya bar komarsa a bakin tafki, mai lambu a Jiratawa ya bar ban ruwa, ɗan kasuwa ya rufe rumfa, duk a kan labarin da ya iske su cikin sa'a guda. Idan aka dawo daga maƙabarta, maganar farko ita ce, "Wane ya samu mutane." Kafin a watse, liman ko wani babba a dangi yakan yi shela cewa duk mai bin mamacin bashi ya zo ya ga magada, wanda aka saɓa wa kuma ya yafe. Malamai suna yawan kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya nuna cewa shaidar muminai a kan mamaci abar karɓa ce. Daga nan kalmar shaida ta samo nauyinta.

Zaman makoki yakan ɗauki kwana uku. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi, ƙarƙashin rumfa ko inuwar bedi, mata suna ciki. Mai zuwa ya yi sallama, ya durƙusa, a ɗaga hannu a yi fatiha, sannan ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa can ta fi mishi nan." A amsa da amin, a yi masa godiyar tattaki. Maƙwabta ne ke kawo tuwo da fura, domin ba a son a bar masu rashi da ɗawainiyar girki.

A wannan zama ne ake tattara tarihin mamaci, ba tare da kowa ya ce tarihi ake tattarawa ba. Addini da al'ada sun hana ambaton aibin wanda ya riga mu gidan gaskiya, don haka kowa yana samun yabo. Sai dai kunnen da ya saba yana rarrabe yabon dole da na zuci. Na dole gajere ne, kuma zai dace da kowa: mutumin kirki ne, ba ruwansa. Na zuci kuwa yana zuwa da rana da wuri. Wani zai tuna shekarar da hatsinsa ya ƙare tun kafin shuka, marigayin ya aiko masa da damin gero bayan isha'i don kada a gani. Wata za ta ce ranar da aka kawo ta garin tana amarya, ba ta san kowa ba, marigayiyar ce ta fara shigowa ɗakinta da ƙwaryar fura da zolaya har ta daina kuka. 'Ya'yan mamaci sukan ji abubuwa da yawa a karo na farko a kan tabarmar makoki, saboda mai alherin gaske ba ya ba da labarin alherinsa a gida.

Akwai kuma wata alama da ba a cika faɗa ba. A makokin mai barkwanci, zuwa rana ta biyu dariya takan kutso. Abokin wasansa, ko taubashi ne ko wani Bagobiri da suka saba tsokanar juna, zai kwaikwayi yadda yake kiran yara ko yadda yake taya kaya a kasuwa, a yi dariya ƙasa-ƙasa, a share hawaye, a koma ga salati. Dattawa ba su cika tsawatawa ba, sun san ta haka ake rage nauyin zuciya.

Masu ta'aziyya ba daga gundumar Madarunfa kaɗai suke zuwa ba. Bayan Gabi da Safo da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, akwai dangi a Jibiya da Katsina. Sarautar Maraɗi ta samo asali ne daga sarakunan Katsina na Haɓe da suka yi ƙaura zuwa arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma auratayya tsakanin ɓangarorin biyu ba ta taɓa yankewa ba. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zuwa gaisuwa ya yi wuya, sai aka dogara da waya da saƙon murya na WhatsApp. Ana karɓar ta'aziyyar waya, amma ba ta sauke nauyi. Wanda bai samu zuwa ba, ko bayan shekara ne, in ya shigo gari sai ya fara biyawa ta gidan.

Bayan makoki sai sadaka. A al'adar da aka gada, ana yin ta uku da ta bakwai da ta arba'in: a tara malamai su yi karatun Alƙur'ani da addu'a, a raba gumba ko waina ko goro. Tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a yankin Maraɗi, wannan ya zama abin saɓani. Malamanta suna ganin ware waɗannan ranaku bidi'a ne kuma nauyi ne a kan marayu, malaman ɗariƙu da na zaure kuwa suna ganin addu'a da ciyarwa ne kawai aka sa wa lokaci. A gida guda ana iya samun wa yana so a yi, ƙane yana ƙi. Inda duka suka haɗu shi ne addu'ar ɗa ga iyayensa da sadaka mai gudana, shi ya sa za a ga an haƙa rijiya, ko an girke randar ruwa a ƙofar gida, ko an sayi tabarmi da butoci an kai masallaci da niyyar ladan ya isa ga marigayi. Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa har ta haihu.

Giɓin mai jama'a ya fi bayyana bayan an naɗe tabarmi. A kowace zuri'a akwai mutum ɗaya da ya san ranar sunan kowa, wanda ke kai goron neman aure, wanda in ma'aurata sun saɓa shi ake kira ya yi biko. A ɓangaren mata abin ya fi zurfi, domin biki bashi ne: abin da aka kawo wa mace ranar sunan ɗanta tana riƙe da lissafinsa, za ta mayar da ƙari. Guy Nicolas, masanin Faransa da ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya rubuta littafi guda a 1986 kan wannan musayar kyauta. Haka ma asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, da amana da iya zama da mutane yake tafiya. Idan uwar irin wannan taro ta rasu, ana ganin ko 'yarta za ta ci gaba da zuwa bukukuwan ƙawayen uwar. In ta ci gaba, a ce ta gaji uwarta. In ba a samu mai ɗauka ba, ba faɗa ake yi ba, zumuncin ne ke yin sanyi a hankali har jikoki su haɗu a tashar mota ba su san juna ba.

Masu ilimi sukan ƙara da rubutu. Marsiyya tsohuwar hanya ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo da wasu mata na kusa da ita, kuma halinsu da kyautatawarsu ga mutane ta fi ambata. Yau hoton marigayi a fuskar waya da tsohon saƙon muryarsa da aka ƙi gogewa sun shiga cikin abin da iyali ke adanawa.

Hanyar da ta fi kowace daɗewa ita ce mayar da suna. Jaririn farko da aka haifa a gidan bayan rasuwar, in jinsi ya dace, sunan marigayin ake raɗa masa ranar bakwai. Da yake alkunya ta hana ɗa ko suruka kiran sunan mahaifi gatsau, sai a yi wa yaron laƙabi: Abba, Baba, Babangida, ko Mai Sunan Malam, mace kuma Ummi, Mama ko Inna. Kakar da ta yi takaba za ta riƙa kiransa maigidana, tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba. 'Yan'uwa suna zuba ido su ga ko ya ɗauko wani abu, kuma da ya fara wayo yana miƙa hannu ga baƙi, za a ce mai sunan bai bar komai ba. Ta wannan tsokana yaron ke jin labarin damin geron da aka kai da dare, da yadda kasuwa ta watse ranar jana'iza, tun kafin ya san a wane gefen maƙabarta aka binne kakansa.