Sana'ar Gyaran Firji da Iyakwandishan a Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Inda Kasuwa Ta Dosa

Kamar yadda jama'a suka sani, tun lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin Gusau ya cika da ma'aikatu, bankuna, otal-otal da gidajen ma'aikata. Wannan bunƙasa ita ce ta raya sana'ar masu haɗa iyakwandishan da gyaran firji, domin kusan kowane sabon ofis sai an maƙala masa na'urar sanyaya ɗaki. To amma kasuwar da ta ciyar da waɗannan bayin Allah a wancan lokaci ba ita ce ta yau ba. A bisa wannan dalili ne muka ga ya dace mu yi bayani ga masu sana'ar, da jami'an ƙananan hukumomi masu ba su aiki, da kuma mazauna karkara masu sha'awar shiga harkar ƙanƙara.

Abu na farko da ya sauya shi ne wutar lantarki da tsadarta. Hukumar NEPA ta koma PHCN a 2005, daga baya aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, inda Zamfara, Sakkwato, Kebbi da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin Kaduna Electric. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Janareto da ake dogaro da shi ya zama abin da sai an yi shawara kafin a tayar, sabuwar na'ura kuwa da kayan gyaranta, waɗanda akasari daga waje ake shigo da su ta Legas zuwa Kano, farashinsu ya ninka. Sakamakon haka a bayyane yake: wanda a da zai jefar da tsohon firji ya sayi sabo, yau neman mai gyara yake yi. Aikin haɗa sababbi ya ragu, aikin gyara da kulawa ya ƙaru.

Abu na biyu shi ne sola. Mai shagon lemo da ruwan leda a Tsafe, ko mai sayar da zoɓo da kunun aya a Kwatarkwashi, bukatarsa ita ce firiza mai yin sanyi ko da babu wuta. Firiza ba ta cin wuta kamar iyakwandishan, saboda haka faifan sola kaɗan da batir suna iya riƙe ta. Haka nan iyakwandishan na zamani mai inbata yana tashi a hankali ba tare da fizgar wuta ba, shi ya sa masu sola da ƙaramin janareto suka fi son sa. Sai dai a cikinsa akwai allon lantarki mai saurin ƙonewa idan wuta tana hawa da sauka. Makanikin da iliminsa ya tsaya ga ɗura gas da canza kwamfireso, idan aka kawo masa irin wannan, sai dai ya tura mai kaya Kano ko Kaduna, kuɗin kuma ya bi shi can. A ganinmu, wannan shi ne babban giɓin da ke cikin sana'ar a jiharmu, kuma matasan da suka karanci lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara suna da damar cike shi.

Har ila yau akwai batun gas ɗin da ke sa sanyi, wanda ya shafi rayuka kai tsaye. Bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya, an daina shigo da tsohon gas R12 tun 2010, kuma ana janye R22 sannu a hankali, da nufin kusan kawar da shi nan da 2030. Sababbin firji da yawa suna zuwa da R600a, wasu na'urorin kuma da R290 ko R32. Waɗannan duka suna iya kamawa da wuta, musamman biyun farko, waɗanda danginsu ɗaya da gas ɗin girki. Hura wutar walda a jikin bututun da ba a zuƙe gas ɗinsa ba ganganci ne, haka ma cakuɗa gas iri biyu don neman arha. Kowace na'ura tana da rubutu a jikinta da ke nuna irin gas ɗinta, kuma haƙƙin mai kaya ne ya ga an duba shi kafin a ɗura. Muna kuma tunatar da jama'a cewa firji, iyakwandishan da kwamfireso na gwanjo, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su.

Game da lokutan ciniki kuwa, kowa ya san daga Maris zuwa Mayu ne kakar masu wannan sana'a, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A shekarun baya azumin Ramadan ya riƙa faɗowa cikin wannan zafi, ƙanƙara ta yi daraja, masu firiza suka samu alheri. Amma azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: a 2024 ya kama cikin Maris, a 2026 cikin Fabrairu, kafin 2030 kuma zai shiga tsakiyar hunturu. Duk wanda zai ci bashi ya sayi firiza yana lissafi da cinikin ƙanƙarar azumi, to ya sake lissafi. Gara ya dubi abin da ke bukatar sanyi duk shekara, kamar kifi, kaji, nono da magunguna.

Shi kansa hunturun ba lokacin zama ba ne. Ƙurar da ke tasowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana toshe ragar bayan na'ura, kwamfireso ya riƙa wahala, da zarar zafi ya shigo sai ya ƙone. Mai dabara a watan Fabrairu yake zagaya abokan cinikinsa yana wanke na'urori, maimakon jiran a kira shi a Afrilu tare da kowa. Ɗumama ɗaki ba babbar kasuwa ba ce a nan, in ban da na'urar dafa ruwan wanka da ɗumama 'yan tsaki a gidajen kaji.

To, ta yaya mai sana'a zai tallata kansa? A Gusau da kewaye babu tallar da ta kai shaidar wanda aka yi wa aiki. Allo a ƙofar shago, lambar waya a manne jikin kowace na'urar da aka gyara, da hotunan aiki a WhatsApp duk suna taimakawa, amma abin da ke riƙe abokin ciniki shi ne rasidi, da mayar masa da tsohon kayan da aka cire, da alƙawarin dawowa kyauta idan gyaran ya lalace cikin wani wa'adi. Mafi riba kuma ita ce yarjejeniyar kulawa ta shekara da asibiti, otal, makaranta ko masallacin Juma'a, a riƙa zuwa duk bayan wata uku. Wanda ke neman kwangilar hukuma sai ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC, ya mallaki lambar haraji da takardar gwajin sana'a. Ga masu shago a Gusau, horar da yaro ɗan asalin Tsafe ko Bunguɗu ya zauna a garinsu ya fi bin hanya kullum, musamman ganin halin tsaro da tsadar mota.

Ga shugabanni da daraktocin ƙananan hukumomi, muna jawo hankali kan wata al'ada da ta daɗe tana cin dukiyar jama'a: a ware kuɗin sayen sababbin na'urori, a manta da kuɗin kula da su. Abin ya fi muni a asibitocin karkara, inda akasarin alluran rigakafi ke bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Firjin sola na rigakafi idan ya tsaya kwana biyu, maganin yara na gunduma guda yana iya lalacewa ba tare da an gani da ido ba. Saboda haka kafin a sa hannu a kowace kwangila, a tabbatar an rubuta wa'adin garanti, da sunan wanda za a kira idan na'ura ta tsaya, da adadin kwanakin da zai iso. A kuma ajiye littafi kusa da kowace na'ura, mai ɗauke da ranar da aka duba ta, irin gas ɗin da aka ɗura, da sa hannun jami'in da ya shaida aikin.