Sa Wa Tsohuwar Golf Injin Dizal: Riba Ko Asara?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya saba shiga tashoshin mota na Kano da Zariya da Kaduna ya san Golf. Ita ce 'yar ƙaramar motar nan ta Jamus da ake cusa wa mutum shida ban da direba, a danna kaya a but har ya ƙi rufuwa, sa'an nan ta kama hanya kamar ba a ɗora mata komai ba. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobin da ke jansu. To, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu irin waɗannan motoci suka shiga neman dabara, balle da litar fetur ta haura Naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce a sauke injin fetur a ɗora na dizal, watau man da direbobi suka fi kira gas.

Yayana na cikin waɗanda suka gwada, a ƙarshen 2024, da wata Golf 2 tasa mai kafireta da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Kano da Kaduna. Na bi aikin tun daga farko har ƙarshe, na ga inda aka yi kuskure da inda aka gyara, shi ya sa na ga ya kamata masu karatu su ji, musamman 'yan'uwanmu direbobi da ke Ikko da sauran garuruwan Kudu.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa a Golf yana da asali. Kamfanin Volkswagen ya fito da Golf a 1974, jim kaɗan bayan tsadar man da ta girgiza ƙasashen Turai a 1973. A 1976 sai ya fito da mai injin dizal. Amma maimakon ya ƙera sabon inji daga tushe, sai ya ɗauki gangar jikin injinsa na fetur, watau bulok, ya gina na dizal a kansa. Na farkon si-si 1471 ne mai ƙarfin doki 50, daga baya aka ƙara shi zuwa si-si 1588 mai doki 54, kana a 1982 aka fito da mai turbo, doki 70. Saboda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, injin dizal ɗin yana zama daidai a mazaunin na fetur, kuma bakinsa na haɗuwa da giyabos ɗin da ke cikin motar ba tare da an kira mai walda ba. Wannan sauƙi shi ne ke ruɗin mutane, har su ɗauka aikin wuni ɗaya ne.

Injin fetur yana tsotsar iska da mai a gauraye, ya matse su kamar sau 9, sa'an nan fulogi ya ƙyasta wuta. Na dizal ba shi da fulogin wuta sam. Iska zalla yake tsotsa, ya matse ta har sau 23, ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Ke nan duk rayuwar injin ta rataya a kan matsin nan. Injin fetur da zobbansa suka cinye zai yi ta hayaƙi yana shan baƙin mai, amma zai kai ka gida shekara guda ko biyu. Na dizal ba ya yin wannan haƙuri.

Irin waɗannan injuna na kwance, da ake kira tokumbo ko Baljiyam, ana samunsu a manyan kasuwannin kayan mota na Kudu da Arewa. Ba zan faɗi inda Yaya ya sayo nasa ba. Mai shagon ya ɗora shi a kan tsohuwar taya, ya jona batir, injin ya tashi da ƙara mai daɗi, aka yi ciniki. Bakaniken da zai yi aikin, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran injunan dizal, ya ce a buɗe shi tukuna a duba cikinsa. Yaya ya ƙi, don a ganinsa injin da ya tashi a ƙasa ba shi da wani ciwo, ga kuma kuɗi sun yi ƙasa.

Ranar gwaji ina kujerar gaba. Mun hau babban titi, mota ta yi zafi, Yaya ya taka totur sosai, can sai injin ya ɗauki kuka da kansa. Ya ɗaga ƙafa, kukan ya ƙaru. Ya murɗa makulli ya zare, inji bai san ana yi ba, ga farin hayaƙi ya rufe titi a bayanmu. Allah Ya taimake mu dattijon na zaune a baya, ya daka masa tsawa ya sa babbar giya, ya danne birki, kada ya taɓa kuloci. Da haka injin ya shaƙe ya mutu.

Dalilin abin kuwa shi ne zobban fistin sun cinye, iska mai zafi na tsallakewa zuwa ƙasan inji tana kwaso baƙin mai, tana turo shi ta robar numfashi zuwa hanyar shan iska. Injin dizal kuwa ba ya tankwabe baƙin mai, ƙona shi yake yi kamar dizal. Makulli ba abin da yake yi illa rufe hanyar dizal a famfo, saboda haka ba shi da iko da injin da ke cin man jikinsa. In ba a kashe shi da giya ko an toshe masa iska ba, haka zai yi ta gudu har ya fasa kansa.

Aikin Da Ya Kamata A Fara Yi

Aka sake sauke inji, aka biya kuɗin aiki karo na biyu. Da tun farko an sa ma'aunin matsi a ramin nozul, da an ga gaskiya cikin rabin sa'a. Lafiyayyen inji irin wannan yana ba da kusan ba 34 a kowace silinda, in ya sauko wajen 26 ya gaji. Na Yaya da aka buɗe, bangon silindarsa ya yi sulɓi kamar madubi, ga kuma tudu a bakinsa da farce ke kamawa. Aka kai bulok wurin masu gundura suka faɗaɗa ramukan, aka sa fistin da zobba masu girman da ya dace, aka auna kuranshaf aka sa masa sabbin metal.

Inda dattijon ya fi daɗewa shi ne kan inji, wanda makanikai ke kira tof. A wannan inji fistin yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok in ya kai ƙarshen hawansa, kimanin milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Saboda haka gasket ɗinsa kauri uku ne, ana gane su da yawan tsaga ko huda da ke gefensu, kuma sai an auna leƙowar fistin da agogon awo kafin a san wanda za a saya. Ka sa siriri fiye da kima, fistin ya sumbaci bawul. Ka sa mai kauri, matsi ya ragu, mota ta riƙa wahalar tashi da safe. Mai shago kuwa wanda ke hannunsa shi zai miƙo maka, ya ce duk ɗaya ne.

Haka nan ƙusoshi goma da ke ɗaure tof. Injunan farko masu ƙusa milimita 11 sun yi ƙaurin suna wajen ƙona gasket, shi ya sa kamfanin ya koma na milimita 12, kuma irin waɗannan su mai saye zai nema. Ƙusoshin suna miƙewa kaɗan in an ɗaure su, don haka sau ɗaya ake amfani da su, kuma da sifana mai awo ake ɗaurewa, daki-daki, daga tsakiya zuwa gefe. Ɗaurin nan namu na sai an ji hannu ya gaji ba ya aiki a nan. Shi kansa tof ɗin na alminiyam ne, in ya taɓa cin zafi yakan lanƙwashe, kuma kamfanin bai yarda lanƙwasar ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. 'Yar siririyar tsaga tsakanin mazaunin bawul biyu kusan kowane tsohon tof na da ita, ba ita ke kashe shi ba. Amma in ta yi faɗi ko ta kai hanyar ruwa, a nemi wani.

Sai famfon dizal, wanda a gareji ake kira injekta. Na kamfanin Bosch ne, bel ɗaya ke juya shi tare da sandar da ke buɗe bawul. In bel ɗin nan ya tsinke mota na gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, wani lokaci har tof ya tafi. Don haka sabo ake sawa ko da tsohon na ƙyalli. Saitin famfon ma da agogon awo ake yi, ba da kunne ba. Nozul huɗun an kai su wurin masu gwadawa, aka ga biyu na ɗiga maimakon feshi, alhali ya kamata su buɗe a matsin da ya kai kusan ba 130. Nozul mai ɗiga yana iya huda kan fistin.

Ƙananan Abubuwa Masu Cin Kuɗi

Wanda ya sayi inji tsirara bai sayi rabin aikin ba. Mafi hatsari shi ne birki. Baƙar tukunyar nan da ke sauƙaƙa taka birki tana aiki ne da zuƙar iskar da injin fetur ke yi a maƙogwaronsa. Injin dizal ba ya wannan zuƙa, sai aka ba shi ɗan famfo na musamman da ke zama daidai inda distirbuta take a na fetur. In babu shi, ko ya mutu, birki zai yi tauri kamar dutse. Ina roƙon duk fasinjan da ya ji direba na cewa ya saba da haka, ya sauka ya nemi wata motar.

Tanki sai an zubar da fetur ɗin ciki ƙaf an wanke, a tabbata akwai bututun da ke mayar da rarar mai, a sa matatar dizal mai raba ruwa. Kik ɗin fetur da ƙaramin batir ba za su juya inji mai matsi 23 yadda ya kamata ba, sai an sauya su. Akwai kuma hita huɗu da ke ɗumama ɗakin ƙuna kafin tashi, da rile ɗinsu da fis mai amfiya 50. A zafin Afrilu mutum zai iya mantawa da su, amma asubar hunturu a Jos ko Zariya za ta tuna masa. Wayar totur ma daban ce, haka bututun salansa na farko. Abin da ke da sauƙi shi ne wuta, domin waya ɗaya tak famfon ke buƙata daga makulli. Wannan ne ya sa masu wannan aiki suka fi son tsoffin injunan, har da na si-si 1896 da ya zo da Golf 3, a kan TDI da ya shigo Golf a 1993, wanda shi sai da kwamfuta da tarin wayoyinta.

Abu biyu dattijon ya ja wa Yaya kunne a kai. Na farko kada ya bari wani ya cire masa tamostat, kamar yadda aka saba yi wa motoci a ƙasar nan da sunan maganin zafi, domin injin dizal da ke aiki a sanyaye hayaƙi yake yi yana cin jikinsa. A wanke lagireto a tabbata fanka na tashi, shi ne magani. Na biyu kada ya kuskura ya sayi man da bai san asalinsa ba. Famfon ba shi da wani man shafawa sai dizal ɗin da ke bi ta cikinsa, in an gauraya shi da kananzir ko ruwa ya shiga, ƙarfe zai ci ƙarfe, gyaransa kuwa na iya kusantar kuɗin injin. Kada kuma a manta da rasit, da zuwa ofishin lasin a sauya lambar inji a takardun mota.

To, ina ribar? Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Golf mai kafireta na shan kamar lita 8 zuwa 9 a kilomita 100, mai dizal kuwa 5 zuwa 6. Watau a sawu ɗaya na fetur zai ci kusan lita 39, na dizal kusan 25. Ma'anar wannan ita ce muddin farashin litar dizal bai kai na fetur sau ɗaya da rabi ba, mai dizal ne ke da rinjaye. A 2022, lokacin da fetur na ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati, dizal kuma ya kai wajen Naira 800, wanda ya yi wannan aiki ya jefa kuɗinsa rijiya. Bayan janye tallafi ne tazarar ta matse. Farashin biyun na hawa da sauka, don haka kowa ya duba allon gidan mai na garinsu ya yi lissafi da kansa, sa'an nan ya raba kuɗin aikin gaba ɗaya da abin da zai rage a kowane sawu. A nawa ganin, ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo gida ba zai fanshe kuɗinsa ba sai bayan shekaru, gara ya gyara kafiretarsa. Mai dogon zango kullum shi ne aikin zai yi wa rana.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Doki 54 ba doki 75 ba ne. Da fasinja shida da kaya, wuce tirela sai an yi shiri tun daga nesa, kuma motar na karkarwa in tana tsaye har madubi na rawa. Yaya ya yi kilomita 1,000 na farko a hankali, ya zubar da baƙin mai, ya koma a duba masa ɗaurin tof da bel. Yanzu abokan aikinsa masu fetur kan riga shi isa Kawo da kamar minti ashirin, suna yi masa ba'a cewa tarakta yake ja. Shi kuwa sau ɗaya yake shiga gidan mai a zuwa da dawowa, kuma har yanzu yana biyan bashin da ya ci don sauke injin karo na biyu.