Tsamin Kabeji Ke Bin Mutanen Polan Har Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa zaga unguwar Ealing a yammacin birnin Landan, da wuya ya yi tafiya mai nisa bai ci karo da wani ɗan kanti mai allo fari da ja ba, an rubuta "Polski Sklep" a jikinsa, watau kantin mutanen Polan. Baƙo in ya leƙa ciki sai ya yi mamaki, don ba wani abin a zo a gani. Kwalabe ne jere har rufi, waɗansu cike da yankakken kabeji, waɗansu da kokwamba kwance cikin ruwan gishiri, ga burodi baƙi-baƙi mai nauyi kamar tubali. Amma kuwa saboda waɗannan kwalabe ne magidanci ɗan Polan kan tashi daga aiki a gajiye, ya hau bas biyu, don dai kada miyar gidansa ta rasa tsami.

Mutanen nan ba jiya suka fara ƙaura ba. Tun ƙarni na 19 suke kwarara Amurka, har aka daɗe ana kirari da cewa in ka cire Warso, babban birninsu, ba garin da ya kai Shikago yawan 'yan Polan. A Ingila kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta yi doka a 1947 wadda ta ba sojojin Polan da iyalansu izinin zama, tun da ƙasarsu ta faɗa hannun 'yan gurguzu. Babbar ambaliya ta zo ne bayan da Polan ta shiga Tarayyar Turai ran 1 ga Mayu, 2004. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da 600,000 a Ingila da Wales harshen Polan ne harshensu na gida.

To, me ya sa tsami? Amsar tana ga sanyin ƙasarsu. Wata da watanni ƙanƙara kan rufe gona, ba ganye ba ɗanyen abu. Dole sai uwar gida ta yi tanadi tun da kaka. Sai ta yayyanka kabeji ƙanana-ƙanana, ta barbaɗa gishiri, misalin giram 20 ga kowane kilo, ta danna shi cikin ganga har ruwansa ya taso ya rufe shi, ta ɗora dutse. Cikin 'yan makonni waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sukan juya zaƙin ganyen ya zama tsami, tsamin nan kuma shi ke hana shi ruɓewa har bazara. Haka ake yi wa kokwamba. Abin da aka fara don gudun yunwa, da tafiya ta yi tafiya sai harshe ya saba, ya zama shi ne daɗin.

Da wannan kabeji ake yin bigos, wanda da yawansu ke ɗauka shi ne sarkin tukunyarsu. Ana haɗa mai tsamin da ɗanye, a zuba nama iri-iri, da busasshen naman kaza na daji, a bar shi bisa wuta kaɗan-kaɗan awa da awanni. Masu iyawa sun ce ba a cin bigos ranar da aka dafa shi. Sai ya kwana, an ɗumama, ya sake kwana, an sake ɗumamawa, sa'an nan ya nuna kansa. Wanda ya san darajar ɗumamen tuwo da safe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Akwai kuma wata miya da suke kira jurek, wadda a ganina ita ce ta fi nuna halin girkinsu. Garin wani hatsi ɗan'uwan alkama, mai jure sanyi, shi ake damawa da ruwa da tafarnuwa a ajiye kwana huɗu ko biyar har ya yi tsami, kusan yadda ake jiƙa gasara. Da wannan ruwa ake kaɗa miyar, a sa dafaffen ƙwai da nama. Ɗan Polan da ya sami kansa inda ba kanti ba ɗan'uwa, muddin ya sami garin nan da kwalba da haƙurin kwana biyar, to, ya sami gida. Wannan shi ne sa'ar da suka yi: abincin da aka ƙago don ya jure ajiya, ashe ya iya jure tafiya ma.

Sai piyerogi, ƙullun fulawa da ake murzawa a yanka, a cusa masa dankalin Turawa da farin cuku da soyayyar albasa, ko kabeji, ko nama, a naɗe bakin a jefa cikin tafasasshen ruwa. Aiki ne mai cin rana, ba na mutum ɗaya ba. Don haka a majami'unsu na Amurka da Kanada mata kan taru su naɗa ɗaruruwa a sayar a tara kuɗi. Kanti na sayar da na leda daskararre, amma tsofaffi suna yi masa kallon raini.

Mai karatu Musulmi, ga wani gargaɗi. Naman alade ya yi yawa ƙwarai a girkin Polan, musamman cikin kelbasa, watau niƙaƙƙen naman da suke ɗurawa a hanji su ƙyafe, kuma ita ake yankawa cikin bigos da jurek. In an gayyace ka, tambaya ba laifi ba ce. Sai dai ba kowa ya sani ba cewa ƙasar tana da Musulminta na asali, ƙabilar Tatar, waɗanda Sarki Jan Sobieski ya ba filaye a 1679 a ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki, inda har yau masallatansu na katako ke tsaye. Suna da wani abinci, pierekaczewnik, ƙullu fale-fale da ake jerawa bisa juna da naman rago ko na sa ko na dinya, a naɗe kamar gammo a gasa. Tarayyar Turai ta sa shi cikin rajistar abincin gargajiya a 2009.

Ranar da kewar gida ta fi cizon ɗan Polan ita ce 24 ga Disamba, jajiberin Kirsimeti, daren da suke kira Wigilia. Ba a zama cin abinci sai yara sun hango tauraro na farko. Kala goma sha biyu ake jerawa, kuma ba nama ko ƙwaya. Akan fara da barsh, miya ja wur ta wata saiwa mai zaƙi-zaƙi, da 'yan ƙananan naɗe-naɗen ƙullu a ciki da suke kira "kunnuwa". Sa'an nan kifi. A zamanin gurguzu, sa'ad da samun kaya sai da layi, maigida kan sayo kifin da ransa kwana biyu kafin ranar, ya sake shi cikin bahon wanka, iyali kowa ya haƙura da wanka. Zancen abinci kuwa ba wasa ba ne a ƙasar nan: ƙarin kuɗinsa da gwamnati ta yi ana dab da Kirsimetin 1970 shi ya ta da boren da ya ci kujerar shugaba Gomulka, ƙarin kuɗin nama na 1980 kuma ya haifar da yajin aikin da Lech Walesa ya yi suna a cikinsa.

Mazauna waje sun daɗe suna cika jaka da kelbasa da cuku in sun dawo daga ganin gida. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da kayan madara daga Tarayyar Turai saboda cutar dabbobi ta baki da ƙafa, sai jakunkuna suka dawo ba nauyi, cinikin kantin unguwa ya zama shi ne madogara. Abin da kanti ba ya sayarwa shi ne hannu. Yaron da aka haifa a Landan ko Shikago yakan ci piyerogi da marmari, amma naɗa bakinsa yadda ba zai fashe cikin ruwa ba sai wanda ya tsaya kusa da kaka ya gani, kakar kuwa tana can gida.

A daren Wigilia akwai faranti guda da ake ajiyewa ba mai shi, wai don baƙon da dare ya yi masa a hanya, ko wani na gida da ba ya nan. Kafin a taɓa abinci kuma, kowa kan gutsuri wani ɗan waina fari sakayau mai suna opuwatek, ya miƙa wa ɗan'uwansa, su yi wa juna fatan alheri, masu saɓani su yafi juna. Wainar ba ta fi takarda kauri ba, shi ya sa iyaye kan sa ta cikin ambulan tare da katin gaisuwa, su aika wa ɗansu da ke ƙasar waje tun farkon Disamba, don ta riga tauraron isa.