Jakar goyo ta yaro mai zuwa daji: yadda ake zaɓen ta

Idan an gama girbi aka shiga rani, yara maza suna yawan bin iyayensu da yayyensu zuwa daji. Wasu farauta za su, wasu kiwo, wasu kuma tafiyar ƙasa ce mai nisa zuwa wani ƙauye. A da, burgami ko gafaka yaro yake ratayawa a kafaɗa ɗaya, da gorar ruwa a hannu. Yanzu jakar goyo ta cika kasuwanni, tun daga Maraɗi da Damagaram har kasuwannin ƙauye, sabuwa da ta gwanjo. Ta fi burgami sauƙin ɗauka, domin tana raba nauyi a kafaɗu biyu, kuma hannuwan yaro ba su riƙe da kome. Amma sai in ta dace da jikinsa.

A wani ƙauye da muka je duba ajin yaƙi da jahilci, mun ga yaro ɗan shekara 9 ya dawo daga daji yana yarfe hannuwa, ya ce ba ya jin yatsunsa. Uwarsa ta tsorata, har ana zancen iska. Da muka duba, jakar babban mutum ce aka goya masa. Gindinta yana bugun cinyoyinsa, igiyoyinta sirara sun yi masa shaida ja a kafaɗu. Da aka sauke jakar ya huta, hannuwan suka dawo daidai. Dalilin abin a fili yake: jijiyoyin da ke kai ji da ƙarfi ga hannu suna bi ta tsakanin wuya da kafaɗa su sauka ta hammata. Igiya siririya mai ɗauke da nauyi tana danne su, sai hannu ya mutu.

Kuskuren da muka fi gani shi ne sayen babbar jaka da cewa yaro zai girma ya cika ta. Riga ake yi wa haka. Jaka kuwa a yau zai goya ta, da bayan da yake da shi yau. Shekarun yaro ma ba su isa ma'auni ba, domin yara biyu sa'o'in juna suna iya bambanta ƙwarai a tsawon baya.

Ga yadda ake auna baya. A sa yaro ya sunkuyar da kai. A ƙarshen wuyansa ta baya akwai ƙashi guda da ke fitowa, a ɗora yatsa a kansa. Sai a dafa ƙugunsa ta gefe biyu, a ji saman ƙasusuwan ƙugu. Daga ƙashin wuya zuwa daidai saman ƙasusuwan nan, shi ne tsawon bayansa. Ba sai da mitar tela ba. Zare ko kaba ya isa: a auna, a yanke, a tafi da shi kasuwa. Jakar da tsawonta ya zarce zaren nan da fiye da faɗin tafin hannu, wato kamar santimita 10, ta yi masa girma. Faɗinta kuma kada ya wuce faɗin kafaɗunsa, don kada ƙaya ta riƙa kama ta in ya ratsa sarƙaƙiya. Abin da ya fi duka shi ne a je kasuwar da yaron kansa ya gwada.

Sai batun nauyi, kuma a nan ne muke roƙon iyaye su natsu. Likitocin yara da yawa suna ba da shawara kada kayan da yaro ya goya su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Mu dai, saboda zafin ƙasarmu da rairayin da ke cin ƙafa, mun fi son a tsaya a kashi 10. Lissafin mai sauƙi ne: a raba nauyin yaro gida goma, a ɗauki ɗaya. Yaro mai kilo 30, kayansa kilo 3. Mai kilo 40, kilo 4. Ana iya auna yaro a gidan likita ko a sikelin masu sayen hatsi. A tuna jakar kanta tana cikin lissafi. Jaka mai ƙarafa da aljihuna barkatai tana iya cinye kilo guda tun ba a sa mata kome ba.

Wanda ba shi da sikeli yana da tiya. Tiya ɗaya ta hatsi ta kai kamar kilo 2 da rabi. A zuba tiya guda a ƙaramin buhu, a sa cikin jakar, a goya wa yaro, ya yi ɗan yawo. A tsaya gefe a dube shi. Idan yana tafiya a miƙe, yana magana ba haki, to madalla. Idan ya ranƙwafa gaba, ko yana sa babban yatsa ƙarƙashin igiya don ya sassauta ta, ko sai an taimake shi kafin ya ɗaga, jakar ba tasa ba ce ko kuwa kayan sun yi yawa.

Ruwa shi ne mafi nauyin kayan yaro, shi ne kuma wanda ba a ragewa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Saboda haka yaro mai kilo 30 in ya ɗauki lita 2, abin da ya rage masa kilo ɗaya ne kawai, na jaka da ɗan guzuri irin su dabino, ƙuli-ƙuli ko gari. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a yankunanmu, lita 2 kuwa ba ta kai yaro yini guda. Sauran ruwan, babba ne zai ɗauka, ko a ɗora wa jaki. Naman da aka samu da itacen da aka tsinto su ma ba kayan yaro ba ne. Mun san al'ada ce ƙarami ya ɗauki kayan manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. A bar masa abin da ya dace da ƙarfinsa, tarbiyyar ba ta ragu ba.

Game da igiyoyi, a nemi masu faɗin yatsu uku ko kusa da haka, masu laushi a ciki. Jakar da ke da ɗamara ta ƙugu ta fi, domin ɗamarar tana mai da wani kashi na nauyi bisa ƙasusuwan ƙugu, kafaɗu su huta. A fara ɗaure ɗamarar a kan ƙashi, ba a kan ciki ba, sannan a ja igiyoyin kafaɗa har jakar ta kwanta a baya ba ta lilo. In akwai ƙaramar igiya ta ƙirji, a ɗaure ta sako-sako yadda ba za ta hana numfashi ba. A hana yaro rataya jaka a kafaɗa ɗaya. Wasu suna cewa jaka mai nauyi tana karkatar da ƙashin baya har abada. Binciken likitoci bai tabbatar da haka ba. Abin da take jawowa shi ne ciwon baya da na wuya, da gajiya, da tuntuɓe, wannan kuwa ya isa illa ga yaron da ke nesa da gida.

Ba dole sai an sayi sabuwa ba. Jakar gwanjo sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. A duba ɗinkin da ya haɗa igiya da jaka, nan take fara tsinkewa. A ja zif sau uku ko huɗu. Idan igiya ta yi siriri, tela ko baduku zai naɗe ta da soso ko tsumma ya ɗinke, da kuɗi kaɗan. Jaka mai raga-raga a jiki kuwa, ƙarangiya ce abokiyarta. Mai yadi santsi ta fi dacewa da dajinmu.

Wajen shirya kaya, abu mai nauyi kamar gorar ruwa a sa shi manne da bayan yaro, a tsakiya. Riga ko mayafi su sauka ƙasa. Abinci ya zauna sama inda hannu zai kai. Wuƙa ba ta shiga jaka sai cikin kubenta, tsininta yana duban ƙasa. Ashana, albarushi da harsashi ba su da wuri a jakar yaro ko kaɗan.

Launin jaka ma abin dubawa ne. A ƙasar Amurka, jihohi da yawa suna tilasta wa mafarauta sa riga ko hula mai launin ruwan goro mai haske, don kada wani ya harbi ɗan'uwansa bisa kuskure. Yaro gajere ne, sabara da ciyawa suna ɓoye shi. Jaka ja ko ruwan goro tana sa a hango shi daga nesa, a farauta ko kuma in ya ɓace wa ayari. Mafarauta za su ce zabi suna ganin launi su gudu. Gaskiyarsu, tsuntsaye suna ganin launi sosai. Mu dai mun zaɓi a rasa zabuwa.

Kafin a fita, uba ya tuna cewa farauta a Nijar tana da doka. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara lokacinta, da izininta, da dabbobin da aka hana taɓawa. Akwai kuma wurare irin gandun dajin Gadabeji, inda aka hana farauta baki ɗaya. Ma'aikatan gandun daji na kusa da ku za su yi muku bayani.

In an sauka hutawa, a rataye jakar a reshe, a rufe bakinta. Idan ta kwana a ƙasa, a zazzage ta da safe kafin yaro ya sa hannu, saboda kunama. Kowace shekara bayan girbi a sake auna bayansa da zare, domin zaren bara ya riga ya yi masa kaɗan.