3.4 Gano Musabbabin Karkarwa da Fizgar Giya Mai Sarrafa Kanta a Motar A-kori-kura

A sashen da ya gabata an yi bayanin giyar hannu, wadda direba ke taka kuloci ya sauya da kansa. A wannan sashe kuwa za a dubi giya mai sarrafa kanta, wadda makanikai da direbobi ke kira otomatik, musamman wasu larurori guda biyu da sukan kai mai a-kori-kura gareji, wato karkarwa da kuma fizga. An zaɓi a-kori-kura ne kasancewarta motar ɗaukar kaya, don haka giyarta ta fi ta ƙaramar mota shan zafi da wahala. Abin da ake son nunawa shi ne, waɗannan larurori biyu ba abu ɗaya ba ne, kuma sau da yawa tushensu ba ya cikin haƙoran giyabos, duk da cewa can akan fara ɗora wa laifi. Sauke giyabos a buɗe shi yana daga cikin ayyuka mafiya tsada a jikin mota. Wanda aka sauke wa nasa alhali filogi ne ya mutu ya yi asara biyu: kuɗinsa sun tafi, ciwon kuma yana nan.

3.4.1 Inda Karkarwa Take Fitowa

Giya otomatik ba ta da kulocin takawa. A madadinsa akwai wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe cike da man giya a tsakanin inji da giyabos, ita ce ake kira konbata. A cikinta akwai manyan fankoki biyu masu fuskantar juna, da wata ƙarama a tsakiyarsu mai karkatar da mai. Inji yana juya fanka ta farko, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya giyabos. Wato ke nan mai ne yake ɗaukar ƙarfin inji ba ƙarfe da ƙarfe ba, shi ya sa mota take iya tsayawa cak a kan giya ba tare da inji ya mutu ba.

Aibin wannan tsari shi ne, fanka ta biyu ba ta taɓa cim ma ta farko a gudu, kuma ratar da ke tsakaninsu tana komawa zafi da ɓarnar man fetur. Domin magance haka aka sanya wani kuloci a cikin konbatar, wanda yakan ɗaure inji da giyabos su zama abu guda idan mota ta miƙi hanya. Kamfanin Packard na Amurka ya yi amfani da wannan dabara tun 1949, amma ba ta yaɗu ba sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan da man fetur ya yi tsada. A motocin baya-bayan nan kwamfutar mota ba ta barin wannan kuloci ya kama gam a kowane lokaci. Takan bar shi yana ɗan zamewa kaɗan da gangan, don ya shanye girgizar inji. To, wannan 'yar zamiya ba ta tafiya sumul sai man giya yana da sinadaransa cikakku. Idan sun ƙare, ko an zuba man da ba na motar ba, ko ruwa ya shiga, sai kulocin ya riƙa kamawa yana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan kamu da saki shi ne direba yake ji a kujera da sitiyari, kamar ya hau hanya mai gargada alhali kuwa kwaltar lafiyarta lau.

Kyakkyawan misali shi ne abin da ya sami giyabos mai giya takwas na kamfanin General Motors, wato 8L90 da ƙaninsa 8L45, waɗanda aka sanya wa a-kori-kura irin su Chevrolet Silverado da GMC Sierra daga ƙirar 2015, daga baya kuma Colorado da Canyon. Kamfanin ya fitar wa makanikansa takardar umarni mai lamba 18-NA-355, inda ya siffanta larurar da cewa tana zuwa ne idan an taka totur kaɗan, a gudun kilomita 40 zuwa 128 a awa, a lokacin da giya ba ta cikin sauyawa. Maganin da takardar ta bayar ba sauke giyabos ba ne. Umarni aka yi a fitar da tsohon mai gaba ɗaya a zuba wani sabo, Mobil 1 Synthetic LV ATF HP, domin na farkon yana tsotsar raɓa. A 2019 wasu masu motocin suka kai kamfanin ƙara a kotun tarayya da ke jihar Mishigan. Wannan labari ya shafe mu ne saboda irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasar nan a matsayin na hannu daga Amurka, kuma da wuya mai saye ya san ko an taɓa sauya musu man.

3.4.2 Gwaji a kan Hanya

Bakanike nagari ba ya fara ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi: yaushe abin yake zuwa, da sanyin inji ko bayan ya yi zafi, a wane gudu, da kaya ko babu, kuma wane aiki aka yi wa motar kwanan nan? Daga nan sai ya shiga su tafi tare da mai ita, domin abin da direba ya kira rawa yana iya zama abu uku ko huɗu mabambanta.

Idan karkarwar ta zo, sai a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, gwargwadon yadda fitilar birki za ta kama kawai. A motoci da yawa wannan yana sa kwamfuta ta saki kulocin konbata. Idan karkarwar ba ta ko gezau ba, sai a koma ga taya da farfela. Tayar da ba ta daidaita ba, ko farfelar da gaɓoɓinta suka ci, girgizarsu tana bin gudun mota ne, ba ruwanta da totur ko giyar da ake ciki. Idan kuwa karkarwar ta ɗauke nan take, to an kusa, amma ba a isa ba tukuna, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Injin da yake misin, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai saboda filogi ko kwayil, shi ma an fi jin sa ne a lokacin da kulocin konbata yake ɗaure, domin a sannan ne kowace gargadar inji take wucewa kai tsaye zuwa taya. Da zarar an saki kulocin, mai ya shanye gargadar, sai a ga kamar ciwon ya tafi. Kama da wane ba ta wane. Abin da yake raba gardama shi ne na'urar da ake jona wa mota. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk ƙananan motoci da a-kori-kura da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD-II. Lambar P0300 tana nuna misin, P0741 kuwa tana nuna kulocin konbata ba ya kamawa yadda ya kamata. Sai dai karkarwa takan zo ba tare da wata lamba ba. Saboda haka ba karanta lamba kaɗai ake yi ba; ana barin na'urar a jone ana tafiya, ana kallon ratar gudun inji da na giyabos. Idan ratar tana hawa tana sauka a daidai lokacin karkarwar, kuma ƙidayar misin ba ta motsa ba, konbata ce.

3.4.3 Man Giya

Lafiyayyen man giya galibi ja ne garau. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri yana nuna faranten kuloci sun sha zafi. Wanda ya koma kamar an dama madara a ciki kuwa, ruwan lagireto ne ya shiga, domin a motoci da yawa bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi. An san Nissan Frontier ƙirar 2005 zuwa 2010 da wannan larura, kuma zuba sabon mai ba tare da sauya lagireton ba aikin banza ne.

Abin lura a nan shi ne, yawancin sababbin a-kori-kura ba su da sandar auna man giya. Wani ƙusa ake kwancewa a ƙasa, mota tana daidai a kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana aiki, kuma mai yana kan wani zafi da kamfani ya ƙayyade, domin mai yana kumbura idan ya yi zafi. Wanda ya auna da ka, ko dai ya rage ko ya cika. Idan ya yi kaɗan famfo yakan shaƙi iska, idan ya yi yawa kuma ya yi kumfa, kuma duka biyun suna kawo zamiya da fizga. Haka nan kowane kamfani da irin mansa: Toyota tana da T-IV da WS, Ford tana da Mercon, General Motors tana da Dexron, kuma kowannensu kashi-kashi ne. A ganin mai wannan bincike, al'adar shiga kasuwa a ce a ba da man giya ja, ba tare da duba abin da aka rubuta wa motar ba, ta isa ita kaɗai ta haifar da karkarwar da ba a zo da ita ba.

3.4.4 Fizga

Ita fizga a lokacin sauya giya take zuwa, ko lokacin da aka ɗauke hannun giya daga P zuwa D ko R, sai a ji kamar an daki motar ta baya. A kowane sauyi wani kuloci yana saki, wani yana kamawa, kuma matsin mai ne yake tura su ta cikin wasu ƙananan hanyoyi da bawuloli waɗanda kwamfuta ke buɗewa da wutar lantarki. Idan matsin ya yi yawa, ko kamun ya riga sakin, sai a ji duka. Idan ya makara, sai inji ya yi kuka a banza kafin giyar ta faɗa da ƙarfi.

Ba kowace fizga ce ciwo ba. Kwamfutar giya tana koyon yawan man da kowane kuloci yake buƙata, tana ajiyewa. Idan aka goge wannan ajiya, ko aka yi aiki a giyabos, motar takan yi ta fizga har sai ta sake koyo, ko a sa ta koya da na'ura. Haka kuma robobin da inji da giyabos ke zaune a kai, idan sun yage, sukan mayar da lafiyayyen sauyi ya zama duka, kuma duba su ba ya ɗaukar minti goma. Akwai kuma motar da takan maƙale a giya ɗaya ta ƙi sauyawa. Wannan kwamfuta ce ta ga matsala ta tsare giyabos don kada ya ƙarasa lalacewa, kuma a irin wannan hali akan sami lamba a ajiye.

Fizgar da ba a wasa da ita ita ce wadda take fitowa daga na'urar auna gudun giyabos. A watan Fabrairun 2019 kamfanin Ford ya yi kiranyen a-kori-kura F-150 ƙirar 2011 zuwa 2013, kimanin miliyan 1.48 a Amurka ta Arewa, saboda saƙon wannan na'ura yakan yanke, kwamfuta ta ɗauka mota ta tsaya, ta mayar da ita giya ta ɗaya ana tsakiyar gudu. Mai karatu zai iya ƙiyasta abin da hakan zai yi wa motar da ta ɗauko buhuna a kan babbar hanya: tayoyin baya suna iya turjewa, motar ta ƙwace. Gyaran da kamfanin ya yi shi ne sake tsara kwamfutar motar. Alamar da direba zai kula da ita ita ce allurar maleji ta faɗi ƙasa haka kawai ana cikin tafiya, kuma lambar da akan samu ita ce P0720 ko makwabciyarta P0722.

Sai an wuce duk waɗannan matakai ne ake kwance kwanon da ke ƙarƙashin giyabos. A cikinsa akwai mayen ƙarfe. Laushin gari baƙi-baƙi a jikinsa ba abin damuwa ba ne, cin yau da kullum ne. Amma idan aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli wanda yatsa yake ji, ko gutsattsarin faranten kuloci a cikin matatar mai, to a nan ne sauke giyabos ya zama dole, kuma tilas a wanke ko a sauya bututun sanyaya mai tare da shi, domin ɓarɓashin da ya maƙale a ciki zai koma cikin wanda aka gyara.